Daga Kasuwa Zuwa Tukunya: Wa ya hana ƙwari cin waken da kika saya?



Makon jiya da muka yi hirar garau-garau da dabarun sa yara su so wake, wata 'yar'uwa daga Gusau ta aiko mini da tambayar da ta tsaya mini a rai. Ta ce ta sayi wake kwano biyu, fari tas, manya-manya, babu rami ko ɗaya a jikinsa. Da ta isa gida ta kwance ledar sai wani wari ya bugi hancinta, irin warin nan na fiya-fiya. Tambayarta ita ce, ta dafa ko ta zubar? Na san kuɗin wake kwano biyu a wannan zamani ba abin zubarwa ba ne. Duk da haka abin da na ce mata shi ne kada ta dafa wa yara, ta mayar wa wanda ya sayar mata, ta kuma faɗa masa dalili a gaban jama'a ba tare da faɗa ba. Amma amsar tana buƙatar bayani fiye da layi biyu, shi ya sa na ware mata filin yau gaba ɗaya.

Mu fara da ƙwaron kansa, domin in ba ki san shi ba, ba za ki gane abin da ke tura ɗan kasuwa ya yi ganganci ba. Ƙwaron wake ba daga shago yake fara aikinsa ba, tun daga gona ake kwaso shi. Macen tana liƙa ƙwai a jikin waken, ɗan farin ɗigon nan da kike gani in kin duba da kyau. Tsutsar na ƙyanƙyashewa sai ta huda ta shige ciki, ta ci ta ƙoshi, ta girma, sannan ta fito a matsayin ƙwaro ta ramin nan da muka sani. A lokacin zafi duk wannan bai wuce mako uku zuwa huɗu ba, sai sababbin su ma su sa nasu ƙwan. Ki lissafa daga kaka, wajen watan Nuwamba, zuwa tsakiyar damina lokacin da wake ke tsada. Buhun da aka bari haka kawai zai iya komawa ƙwanso da gari.

To ga mutum ya zuba jarinsa a buhu ɗari. Ga mu kuma masu saye, da zarar mun ɗebi waken a hannu mun ga rami biyu sai mu yatsina fuska mu wuce gaba, ko mu karya farashi. Ba ina wanke shi ba ne, wanda ya zuba guba a abincin mutane ya yi laifi. Amma gaskiya ita ce idonmu ma yana cikin abin da ke ingiza shi.

Me suke zubawa? Mafi shahara shi ne sinadarin da ake kira dikulobos, wanda ake rubuta DDVP a jikin kwalba. Shi ne a cikin Sniper da ire-irensa, kuma yawanci shi ake tsinkawa a ɗura a ƙananan kwalabe a sayar mana da sunan fiya-fiya. An yi shi ne don feshi, ba don a yayyafa wa abincin da za a auna wa mutane gobe ba. Yana kashe ƙwaro ne ta hanyar rikita masa jijiya, kuma jijiyar ɗan Adam ma haka yake yi mata in ya yi yawa. Na biyu ita ce ƙwayar nan mai launin toka da ake cusawa cikin buhu, wadda wasu ke kira bom. Ita da zarar ta ji danshin iska sai ta fara fitar da wata iska mai guba. In ƙwararre ya yi amfani da ita a rufaffen sito nesa da jama'a, ya naɗe ta yadda garinta ba zai gauraya da hatsi ba, ya kuma bar kayan suka sha iska kafin a fitar, tana aikinta ba ta bar wani saura mai yawa ba. Masifar ita ce a sa ta a buhu a jingine buhun a ɗakin da yara ke kwana. Wannan iskar tana kisa cikin dare ɗaya, kuma har yau likitoci ba su da wata allura da ke karya ta. Don Allah in kin san gidan da ake haka, ki yi magana.

Za ki ce ina hukuma? Hukuma tana nan, doka ma tana nan a rubuce. Hukumar NAFDAC ce ke da alhakin yi wa magungunan ƙwari rajista a Najeriya, shi ya sa kwalbar kirki take ɗauke da lambarta. A shekarar 2008, bayan an yi ta samun mutane suna kwanciya asibiti saboda cin wake, har da ɗalibai mata sama da ɗari na wata makarantar sakandare a Gombe, hukumar ta haramta sinadarai 30 na noma. A cikinsu akwai wanda iyayenmu suka sani da gamalin, wanda har a ruwa wasu ke zubawa don kama kifi. A watan Yuni na 2015 kuma Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya. Dalilinsu shi ne dokarsu ba ta yarda dikulobos ya wuce miligiram 0.01 a kowane kilo ba, amma a waken da aka kai musu sun sami daga 0.03 har zuwa 4.6. Wato mafi munin ya ninka ƙa'idarsu sau 460. Da shekara ta zagayo ba a ga gyara ba, sai suka ƙara wa'adin da shekara uku.

Abin da ya fi damuna a wannan labari ba asarar kuɗin waje ba ce. Waken da ake fitarwa waje shi ne wanda aka zaɓa, aka tsince, aka san za a gwada shi. In wannan ne ya faɗi jarrabawa, to wanda ake auna mana da kwano fa, wanda babu mai gwada shi?

A ƙarshen 2018 wani bidiyo ya yaɗu na 'yan kasuwa a Legas suna yayyafa wa wake Sniper, wataƙila kin gan shi a wayarki. A 2019 kuma NAFDAC, ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta hana shigowa da kuma yin ƙaramar kwalbar nan mai mililita 100, ta hana tallar magungunan gona a titi, ta ce daga farkon Satumba na wannan shekarar kada a ƙara ganinsu a manyan kantuna da kasuwannin da ake sayar da abinci, sai dai a shagunan kayan noma masu izini. Doka ce mai kyau. Amma ke ma kin sani, ni ma na sani, har gobe in kika tsaya a bakin titi da yamma za ki ji mai baro yana tallar maganin sauro da ɓera da kuɗin cizo, kwalaben babu suna babu lamba. Ma'aikacin hukuma ba zai iya tsayuwa a kan kowane buhu a kowace kasuwar ƙauye ba. Kuma muddin ba a ba manomi da ɗan kasuwa wata hanyar tsare dukiyarsu ba, hani kaɗai ba zai hana ba, sai dai ya sa a riƙa yi a ɓoye.

Wannan wata hanyar ce nake so ki sani, domin akwai ta, kuma wani ɓangarenta a hannunki yake. Malaman gona suna kiranta haɗakar dabarun yaƙi da ƙwari. Ma'anarta a sauƙaƙe ita ce kada guba ta zama abin farko da za a ɗauko. A fara da iri mai juriya, da tsabtar gona da rumbu, da sa ido a ga ko ƙwarin sun kai yawan da za su yi ɓarna, da barin halittun da ke cinye su su yi aikinsu. Sai in duk wannan ya gaza ne za a yi feshi, da maganin da ya dace, daidai awon da aka rubuta, a kuma jira kwanakin da aka ce kafin a girbe.

A wajen ajiyar wake ma abin ya fi sauƙi, domin ƙwaro yana numfashi kamar ni da ke. Hana shi iska, kin gama da shi. Tun wajen ƙarshen shekarun 1980 masana daga Jami'ar Fadu ta Amurka, tare da takwarorinsu na cibiyar binciken noma da ke Marwa a arewacin Kamaru, suka yi aiki a kan wannan, har aka samar da buhun nan mai rufi uku da ake kira PICS. Leda ce mai kauri guda biyu, ɗaya cikin ɗaya, sannan buhu na yau da kullum a waje. Ana zuba busasshen wake, a matse iskar, a murɗe bakin ledar farko a ɗaure, sannan ta biyu, sannan na waje, kowanne da ɗaurinsa daban. Ƙwarin da ke ciki su da kansu za su shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su daina haihuwa, su bushe su mutu. Daga 2007 aka fara yaɗa shi sosai a ƙauyukan Najeriya da Nijar da maƙwabta, kuma a Kano ma ana yin sa. Babu ɗigon magani ko ɗaya, kuma in bai huje ba ana sake amfani da shi wata shekarar. Abokan gabarsa biyu ne, ɓera da hannun mai yawan buɗewa.

In ke ba mai sayen buhu ba ce, jarka ma tana yi. Ni abin da nake yi ke nan shekara da shekaru. Ina sayen waken shekara da kaka, lokacin da yake sabo kuma da arha, kafin ya daɗe a hannun masu ajiya. In shanya shi a rana mai ƙarfi ya bushe ƙarau, in tsince, sannan in ɗura a jarkar man gyaɗa da na wanke ta bushe sarai. Sirrin shi ne a cika ta har wuya, ana yi ana girgizawa don ya zauna, sannan a sa leda a bakin a murɗa murfin tam. Jarkar da aka bari rabi ba ta aiki, domin iskar da ke ciki ta ishi ƙwarin su yi wata da watanni suna biki. Shi ya sa na fi son ƙananan jarkoki da yawa a kan babba guda, in buɗe ɗaya mu cinye, sauran suna rufe. Kada ki kuskura ki yi amfani da jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi, komai wankin da aka yi mata. Mai firiza da tsayayyar wuta kuma, mako guda a cikin ƙanƙara yana kashe ƙwaro da ƙwansa, sai ki fitar ki bari ya huce ya bushe kafin ki rufe.

Kakata a ƙauye toka take tankaɗewa ta cakuɗa da waken a tukunyar ƙasa ta yaɓe bakin da laka. Muna yara muna ganin ƙauyanci ne. Ashe tokar cike gurbin da ke tsakanin ƙwayoyin take yi, ƙwaro ya rasa wurin motsi. Dabarar tana aiki, wahalarta dai wanki.

A gona ma akwai labarai masu daɗi, ko da yake ba su kai ko'ina ba. A Nijar, masu bincike na cibiyar INRAN da ke Maraɗi suna kiwon wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro, girmansa bai wuce ƙwayar riɗi ba, wanda ke sa ƙwansa a jikin tsutsar da ke cin zangarniyar gero. Ana raba shi a 'yan ƙananan buhuna a rataye a ƙauyuka, ya fito ya bazu cikin gonaki ya yi farautarsa, ba tare da an fesa komai ba. Da irin wannan dabarar ce cibiyar IITA ta Ibadan ta ceci rogon Afirka a shekarun 1980, da wani ƙwaro da aka samo daga Kudancin Amurka. Akwai kuma 'ya'yan darbejiya, bishiyar da ke ƙofar gidan kusan kowa, da ake dakawa a jiƙa su kwana a tace a fesa wa kayan lambu da yamma. Sannan a Disambar 2019 cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar da irin waken SAMPEA 20-T, wanda ke kare kansa daga tsutsar da ke huda fure da kwanson wake, ta yadda manomin da ke feshi sau shida zuwa takwas zai iya tsayawa a biyu. Iri ne da aka sauya wa ƙwayar halitta, kuma akwai masu ja da wannan, zance ne mai zaman kansa da za mu yi wata rana. Abin da za ki riƙe dai shi ne wannan irin bai hana ƙwaron ajiya ba, shi ma sai an rufe shi.

In kina son ganin inda dogaro da feshi kaɗai ke kaiwa, ki tuna 2016, shekarar da tsutsar nan da manoman Kano ke kira sharon ta share gonakin tumatir har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kai, mu kuma muka koma miyar busasshen tumatir da na gwangwani. Tsutsar tana ɓuya ne cikin ganye da cikin ɗan tumatirin inda feshi ba ya isa sosai, kuma tana saurin sabawa da magani. Manomi ya ga bai ci ba sai ya ƙara awo, ya haɗa kala biyu ko uku, ya fesa yau ya tsinka gobe. Wannan tumatirin a kwandon wa zai ƙare?

To yanzu a kasuwa me za ki yi? Na sha jin ana cewa a sayi waken da ke da ƙwari a ciki, wai shi ne shaidar ba a sa masa magani ba. Ban yarda da wannan gaba ɗaya ba. Ana iya fesa wa wake bayan ya riga ya huje, kuma waken da ya fito daga buhu mai rufi uku ba shi da rami ba shi da guba. Rami ba shaida ba ne, rashinsa ma ba shaida ba ne. Hancinki ya fi idonki amfani a nan. Ki ɗebo daga ƙasan kwano, ba sama ba, ki murza a tafin hannu ki sansana. In kin ji warin magani, ko warin da ya yi kama da na tafarnuwa, ko kika ga wani gari mai launin toka da ba na waken ba, ki ajiye. Ki kuma tambayi mai shi kai tsaye, Malam da me aka ajiye waken nan? Farko zai yi dariya. In mu goma muka tambaye shi a mako guda zai fara neman amsa. Ki riƙe mutum ɗaya da kika yarda da shi, ya san in ya cuce ki ya rasa ke da ƙawayenki.

A gida ki baza waken ya sha iska, ki wanke shi sau biyu ko uku, ki tafasa na 'yan mintoci ki zubar da ruwan farko sannan ki ɗora sabo. Mai ƙosai da alala da ke surfe bawon ta riga ta rage wani abu. Wannan duk ragewa yake yi, kuma yana da amfani, amma ba ya mayar da waken da ke warin fiya-fiya ya zama abinci. Kayan lambu kuma ki cuɗa su a ruwa mai yawa, ki cire ganyen waje na kabeji da latas. Gishiri da ruwan khal suna taimakawa wajen datti, amma maganin da ya riga ya shiga cikin jikin ganyen ba sa fitar da shi.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce ta fi kusa da mu. Muna zargin ɗan kasuwa, alhali gubar nan tana ƙarƙashin gadonmu. Mu ne ke yayyafa fiya-fiya a ɗaki da magariba mu rufe, bayan isha'i mu kwantar da jariri a ciki. Mu ne wasunmu ke shafa wa yarinya a kai wai don kwarkwata, alhali fata tana shan sa. Wata maƙwabciyata ta taɓa ajiye nata a robar lemo a bayan ƙofa, ɗanta mai shekara biyu ya ɗauka ya kai baki. Allah ya taimaka yayarsa ta gani da wuri, amma kwana uku suka yi a asibiti, kuma ban manta fuskar uwar ba. Gidan sauro, da raga a taga, da zubar da ruwan da ya kwanta a tsakar gida sun fi wannan kwalbar aminci. In maigida manomi ne, kayan feshinsa su zauna a kulle nesa da kicin, tufafin da ya yi feshi da su a wanke su daban, kuma ki duba layin launi da ke ƙasan takardar kwalbar, ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Kwalbar da ta ƙare a huda ta, kada ta zama ta ɗiban ruwa ko ta manja.

In kuma tsautsayi ya faɗa, ki san alamun: yawu yana dalala, gumi, hawaye, amai da gudawa, ƙwayar ido ta tsuke ta zama 'yar mitsitsiya, jiki yana karkarwa, numfashi yana ƙara. Kada ki ɗura masa manja ko madara, kada ki sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, domin abin yana iya komawa huhu. Ki cire masa rigar da ta jiƙe, ki wanke fatar da ruwa da sabulu, ki kwantar da shi ta gefe, ku nufi asibiti nan take ko da kin ga kamar ya warware. Ki tafi da kwalbar a ɗaure cikin leda, domin da ita likita zai san abin da zai ba shi. Irin su dikulobos suna da allurar da ke karya su in an isa da wuri.

Ga 'yar'uwarmu ta Gusau, ina jiran in ji yadda kuka ƙare da mai waken. Sauran kuma duk wadda ta san inda ake samun buhu mai rufi uku a garinsu da nawa ake sayarwa, ta faɗa mana don wasu su amfana kafin kaka ta wuce. Mako mai zuwa za mu koma kan busasshen kifi, shi ma akwai abin da ake fesa masa.